Jarin Gwaggo da Kuɗin Motar Kumasi

Gwaggona tana zaune a wani ƙauye da ke kan hanyar garin Ejura a Ghana, kuma tun tana yarinya cutar shan inna ta taɓa mata ƙafa, amma hakan bai hana ta sayen masara lokacin kaka tana ajiyewa har farashi ya tashi ba. Duk wata takan aiko da buhuna nan Kumasi, ni kuma in karɓa a unguwar Aboabo in kai wa masu saye.

Abin da na lura shi ne, ciniki ba ya gagarar ta, zirga-zirga ce ke cinye ribar, domin duk inda mai ƙafa zai taka da kansa, ita sai ta biya ɗan dako ko mai babur, kuma idan jiki ya motsa sai ta yi mako guda ba ta fita ba.

Ghana tana da dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2006, kuma ana ware musu wani kaso daga asusun bai ɗaya na majalisun gundumomi, wanda a shekarun baya aka ɗaga shi daga kashi 2 zuwa kashi 3 cikin 100. A ganina, ya kamata a tambayi mutum sana'arsa kafin a miƙa masa keken ɗinki ko firiji daga wannan kaso. Gwaggo ba ta ɗinki. Rumbu mai kyau take buƙata, wanda ƙwari ba za su shiga ba, da keke mai ƙafa uku da zai kai ta bakin titi ranar kasuwa.