Kari-oba biyu da zurfin ciki ya jawo mini

Ranar 14 ga Fabrairu, 2022, malaman jami'a suka tafi yajin aiki. Ina aji biyu a lokacin. Muka kwashe kayanmu muka koma gida da tunanin wata guda ne, ashe sai 14 ga Oktoba za a janye, wata takwas cur. A cikin waɗannan watanni ne hawan jini ya kayar da mahaifinmu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ni ne babba a ɗakinmu, don haka ba wanda ya tsaya tambaya: makullin shagonsa na kayan masarufi ya dawo hannuna.

Da aka koma makaranta, sai na shiga raba ƙafa. Safe ina lakca, azahar ina kasuwa, dare ina asibiti ko ina lissafin bashin da ake bin shago. Hukumar makaranta kuma tana gaggawar cike giɓin da yajin aiki ya bari, an matse zangon karatu, malamai na ta sauri kamar ana korarsu. Farkon 2023 kuma ga ƙarancin takardun kuɗi ya zo, ciniki ya tsaya cak. Duk wannan ba laifina ba ne, kuma ba a kansa nake son yi muku magana ba. Laifina shi ne ban gaya wa kowa ba.

Mu Hausawa an raine mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, akwai sirrin da ya kamata ya tsaya a gida. Amma ni na ɗauki maganar na kai ta inda ba ta dace ba. Abokaina na ɗaki ba su san Baba na kwance ba. Idan aka tambaye ni me ya hana ni zuwa lakca, sai in ce barci ne ya ɗauke ni, na gwammace a ce mini malalaci da a ji tausayina. A gida kuma kullum Umma ta tambaye ni, "Ya karatun?" sai in ce, "Lafiya lau, Umma." Ina ganin kamar rage mata nauyi nake yi.

Tes biyu suka wuce ni a haka. Ku da kuka shigo jami'a kwanan nan, ku riƙe wannan: makin CA, wato makin tes da ayyukan aji da ake tarawa kafin jarrabawa, kashi 30 ne ko 40 cikin ɗari, gwargwadon tsarin makarantarku. Wanda ya rasa shi ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Idan 30 ɗin ta tafi, sai ka ciwo 40 daga cikin 70 da ta rage kafin ma ka tsira da kyar, a kwas ɗin da rabin lakcarsa ba ka halarta ba.

Sai na ce zan rama da karatun dare, abin da ɗalibai ke kira TDB, wato a kwana ana karatu har gari ya waye. Mako biyu kafin jarrabawa na tattara handawut ɗin mutane na yi hotonsu, na sayi Nescafe da goro, na tare a aji. Ba a fafe gora ranar tafiya, na san karin maganar tun ina yaro, amma na yi ta fafewa. Abin da ban sani ba shi ne a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana, kuma likitoci na cewa baligi na buƙatar aƙalla awa bakwai. Ni awa biyu nake yi, wani lokacin a kan benci. Ranar wata jarrabawa na zauna na ƙura wa tambaya ta farko ido, na san na ga amsarta jiya da dare, har gefen shafin da take ina iya tunawa, amma kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Wani a ajin karatun dare ya taɓa miƙo mini ƙwaya, wai tana hana barci. Allah Ya tsare ni ban karɓa ba, ba don wayona ba, tsoro ne kawai. Ku ma kada ku karɓa.

Sakamako ya fito da F biyu, wato kari-oba biyu, kwasa-kwasan da na faɗi kuma dole in sake rubutawa, kowanne kwas mai yunit uku (yunit shi ne nauyin kwas a lissafin maki). Bari in yi muku lissafin, domin da wani ya yi mini shi da wuri da na farka. Na yi rajistar yunit 20. A ce C na samu a komai, maki uku-uku ke nan, GPA, wato matsakaicin makin zango, ta zama 3.00. Amma F sifili ce, kuma yunit ɗinta ba ya fita daga lissafi: yunit 14 da suka rage sau 3 ya ba da 42, a raba da 20, ya zama 2.10. Kwas biyu kacal suka jefo makina na wannan zangon ƙasa da 2.40, inda digiri mai daraja ta biyu ke farawa. Sannan shekara mai zuwa ka ɗauko su ka ɗora a kan sababbin kwasa-kwasai, alhali akwai iyakar yunit ɗin da za a bari ka yi rajista a zango guda. Ta nan ne kari-oba ke rikiɗewa ta zama ƙarin shekara.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dole ta kai ni ofishin malamin da ke kula da ajinmu, don sai ya sa hannu a takardar rajista. Ya dubi sakamakon, ya dube ni, ya ce, "Kai da ka yi 3.6 a aji ɗaya, me ya same ka?" Nan na fashe, na zayyana masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, me ya hana ka zuwa tun watan Nuwamba?" Ashe da na kawo takardar asibiti da wuri, da ya roƙar mini malaman su sake mini tes. Ashe ma akwai damar rubuta takarda ta hannun shugaban sashe a nemi ɗage zangon gaba ɗaya, mutum ya je ya yi jinya ya dawo ba tare da F ko ɗaya ba. Dokar tana cikin ɗan littafin da aka raba mana ranar rantsar da sababbin ɗalibai. Nawa yana ƙasan akwati, ko buɗe shi ban taɓa yi ba.

Gyaran da na yi daga baya ba wani abin mamaki ba ne. Na gaya wa Umma gaskiya, ta yi faɗa, ta yi kuka, washegari ta kira ƙanin Baba, ya turo ɗansa ya riƙa zama a shago daga Litinin zuwa Alhamis. Abin da na kwashe wata huɗu ina ɗauka ni kaɗai, waya ɗaya ta raba shi biyu. Karatu kuma na mayar da shi bayan sallar asuba, awa ɗaya da rabi kullum, waya a kashe. Na daina maimaita karanta handawut kamar mai tilawa, sai in rufe shi in ɗauko tambayoyin shekarun baya in amsa da ka, inda na kasa nan nake komawa.

Abu ɗaya da na so a ce na kula da shi: akwai lokacin da na yi fiye da mako biyu abinci ba ya mini daɗi, hira ba ta mini daɗi, ko na samu damar kwanciya barcin ba ya zuwa. Na ɗauka gajiya ce. Idan ɗayanku ya ga haka a jikinsa, ya yi addu'a, ya kuma je asibitin makaranta ya faɗa wa likita, domin ciwon damuwa ciwo ne kamar zazzaɓi, ana maganinsa.

Kwasa-kwasan nan biyu na sake zama na rubuta su tare da ƙannena na aji biyu, ɗaya na samu B, ɗaya C. Maki na bai sake komawa 3.50 ba har na gama.