Dabino Ya Kai Ni Kilomita 32

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu shirin gudun famfalaki na Legas. A ƙarshe dai na kammala kilomita 32 ba tare da na koma tafiya ba, kuma ba zan ɓoye muku farin cikina ba, domin wannan tazarar ta daɗe tana ba ni kunya a titin Gwarzo da ke Kano. Tsarin da na rubuta a farkon hunturu ya ce 26, sannan 29, sannan 32, amma mura da bikin dangi suka hargitsa shi, har na daina duba takardar, na riƙa ƙara nisa gwargwadon abin da ƙafafuna suka yarda da shi.

Matsalar guda ce, kuma kullum wuri ɗaya take tare ni. Har zuwa kilomita 26 numfashina lafiya lau yake, amma da zarar na doshi 28 sai ƙafafu su yi nauyi, jiri ya fara ɗibata, sha-raɓa ta ɗaure, in tsinci kaina a bakin titi hannu a ƙugu. Kun san dalilin: sukarin da jiki ke tarawa a tsoka da hanta yana ƙarewa ne a wajajen kilomita 30, shi ya sa ake ba da shawarar cin giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa idan gudu ya yi tsawo. Sanin dalilin bai taɓa yi mini wuya ba, abin da ya gagare ni shi ne shigar da abincin ciki ina tsaka da gudu. 'Yan ledojin sukarin nan da ake shigowa da su daga waje kuwa, da na ji farashinsu na lissafa yawan da zan sha kafin gasar a watan Fabrairu, sai na ajiye su na nufi wurin mai dabino.

Busasshen dabinon Nijar ya wahalar da ni sosai. Da asubar hunturu baki a bushe yake, ga ƙura, ga haki, sai ɓarɓashinsa ya maƙale a maƙogwaro, tari ya turnuƙe ni har gudun ya lalace. Da na jinkirta cinsa sai ƙarfi ya fara ƙarewa, na kuma ci da yawa a lokaci guda, cikina ya murɗa, ban ga wani amfaninsa ba. Abin da ya yi aiki shi ne in jiƙa shi tun dare, in cire ƙwallayen, a daka shi a turmi da ɗan gishiri, sannan in mulmula kowane dabino uku su zama kamar ƙaramin curin fura, in ƙulle a leda. Kowane curi yana ɗauke da sukari kimanin giram 15. Na fara da minti na 40, lokacin da ko kaɗan ba na sha'awar cin komai, daga nan kuma duk bayan minti 25 in jefa ɗaya a kunci, in bar shi ya narke a hankali, in bi da kurɓi uku na ruwa. Na kuma rage saurina da kusan daƙiƙa 20 a kowace kilomita, duk da cewa raina ya sosu da na ga abokan gudu sun yi mini nisa tun daga Kabuga. A kilomita 29 na yi ta jiran nauyin nan ya sauko, bai zo ba.

Shi ma ruwa hunturu yana yaudarar mutum a kansa, domin zufa tana bushewa nan take, sai ka ɗauka ba ka yi ta ba. Farin gishirin da ya kwanta a gefen hulata ne ya sa na fara hawa sikeli kafin gudu da bayansa, tunda kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Yanzu ƙanina ne ke bi na da fiyawata a babur, kuma kuɗin man da nake zuba masa ya fi na dabinon zafi nesa ba kusa ba.

Saura kilomita 10 da 'yan kai da ban taɓa takawa ba, kuma ba zan neme su a atisaye ba, domin makonni ukun ƙarshe na rage nisa ne. Abin da ke damuna yanzu shi ne damshin Legas, inda zufa ba ta bushewa, ga gadar Third Mainland da gasar ta saba bi, mai tsawon kusan kilomita 12 babu inuwa. Waɗanda suka taɓa fara wannan gasar daga filin wasa na Surulere a cikinku, don Allah ku faɗa mini yadda kuka daidaita ruwa da gishiri a can, da kuma ko curin dabino zai jure wannan zafin a aljihun wando.