Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sanda Biyu

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar wannan labari. A makon jiya mun tsaya a inda Alhaji ya damƙa mini makullan otal ɗinsa bayan tsohon manaja ya koma Abuja, ya ce da ni, "Ga amana nan, Manaja. Ni dai kada in ji, kada in gani." Masu ta tambayar sunan otal ɗin su yi haƙuri, ba zan faɗa ba. Mutanen da ke cikin labarin nan suna raye, da wasunsu ma sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a.

Ɗakuna 46 ne da mu, da zauren taro guda, a ɓangaren Nasarawa ta Kano, ba nisa da filin jirgin Malam Aminu Kano. Baƙinmu mutanen neman abinci ne. Daga Litinin zuwa Alhamis za ka ga ma'aikatan banki da aka turo daga Legas, da wakilan kamfanonin magani, da 'yan ƙungiyoyin agaji masu taron bita waɗanda ba sa gajiya da shan shayi. Sai kuma waɗanda na fi ji da su, fataken Maraɗi da Damagaram da Njamena da ke zuwa sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari, da masu sayen riɗi da zoɓo a Dawanau. Bafatake ba ya tambayarka ko akwai wurin ninƙaya. Abin da yake so ya san jakarsa tana cikin aminci, ruwa na zuwa a banɗaki, kuma in ya dawo daga kasuwa a jiƙe da gumi ya tarar da ɗaki da sanyi.

Shekara shida na yi a risafshan kafin wannan muƙami, kuma duk tsawon lokacin na ɗauka harkar otal fara'a ce da farin zanin gado. Ban yi wata uku a kujerar manaja ba na gane cewa sanyi muke sayarwa, sanyin nan kuma a bayan gida ake haɗa shi, a wani ɗaki mai baƙin bango inda janareto biyu ke zaune, babba da ƙarami. In an ɗauke wuta, babban yakan sha lita 35 a awa ɗaya idan ɗakuna sun cika. A farkon 2022 litar dizal ba ta kai naira 400 ba. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, kafin tsakiyar shekarar ta haura 700, kuma ba ta sake waiwayen baya ba. A lokacin, duk bayan kwana goma sha biyu muna sayen lita 5,000, wato kuɗi wajen naira miliyan huɗu, a zuba a tanki a ƙone. Albashin ma'aikatanmu gaba ɗaya bai kai abin da injin nan ke ci a wata ba.

A kan wannan ne matsalar canjin kuɗi ta same mu a farkon 2023. Wanda ya zauna a Najeriya a watan Fabrairun shekarar ba sai an ba shi labari ba. Tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 an ce an daina karɓa, sababbin kuma babu su. Baƙo zai tsaya a risafshan ya nuna maka wayarsa an cire masa kuɗi, mu kuma alat bai shigo ba, sai ka rasa ko ka ba shi makulli ko ka hana shi. Mai dafa abincinmu ya je 'Yankaba sayen tumatir da attaruhu, masu kayan gwari suka ce su ba su san wani taransifa ba, sai da muka sayi naira da naira a wajen masu POS. Wani Alhaji ɗan Maraɗi da ya saba sauka wurinmu ya zo da sefa cike da jaka, ya je Wapa wurin 'yan canji ya dawo bai sami takardar naira ba. Na ce masa ya kwana, in ya dawo wani zuwan ya biya. Ya biya kuwa, har da tsarabar kilishi.

Zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu da na gwamna na 18 ga Maris suka cika mana ɗakuna da 'yan jarida da masu sa ido, muka ɗan farfaɗo. Sai azumi ya kama ranar 23 ga Maris, baƙi suka ɗauke kamar ruwan sama, zafi kuma ya sauko da ƙarfinsa. A satin farko na azumin ne akanta ya shigo ofishina ya rufe ƙofa, ya ajiye mini takarda. Lissafin wata uku ya yi. Idan aka haɗa awowin da injin ya yi aiki da man da muka saya, akwai sama da lita dubu huɗu da ba a san inda suka shiga ba.

Mutum biyu ne ke da hannu a harkar mai. Na farko mai kula da sito, shi ke karɓar mai idan motar ta zo, ya auna, ya sa hannu. Ɗan ƙanwar Alhaji ne, a gidan Alhaji ya tashi, kuma ko ni da nake manaja sai na tauna magana kafin in faɗa masa. Na biyu yaron injin, wani siririn saurayi daga Kurna wanda ya koyi aiki a gareji, hannunsa kullum baƙi, kullum da tsumma a aljihun baya. Shi ke tayar da injin ya kashe, kuma kowace safiya da ƙarfe shida yakan zura sandar awo a tanki ya rubuta abin da ya gani a littafi.

Na kira mai sito tukuna. Ko gezau bai yi ba. Ya kawo takardun karɓar kaya, kowace da sa hannunsa da na direba, lita 5,000 cif. Da zai fita sai ya juyo ya ce, "Manaja, ni ba na son shiga tsakanin mutum da abincinsa, amma na sha ganin yaron nan da jarka da daddare."

Na kira yaron. Ya amsa cewa yana ɗibar lita biyu ko uku a 'yar jarka don wanke kayan injin, kuma tsohon manaja ya sani. Na ce lita dubu huɗu fa? Ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya ce, "Yallaɓai, don Allah ku duba ranakun a littafin." Ban duba ba. Wannan maganar har yau tana ci mini rai, domin littafin na kan teburina, buɗe shi kawai zan yi. Gaskiyar magana ita ce tun kafin ya shigo na riga na yanke hukunci, saboda a cikin mutum biyun shi ne wanda zan iya hukuntawa ba tare da kujerata ta girgiza ba. Na ba shi takardar dakatarwa, babu albashi, ana saura kwana ashirin Sallah. Bai yi wata biyar da aure ba. Ya cire tsumman nan daga aljihu ya ajiye a kan injin, ya ce, "Allah ya bayyana gaskiya," ya tafi.

Muka ɗauko wani makaniki na wucin gadi. Na sa aka sauya kwaɗon tanki, makulli ɗaya a hannuna, ɗaya a sito. Ranar da motar mai ta sake zuwa, bayan sallar isha'i, da kaina na tsaya. Mai sito ya zura sanda kafin a sauke, muka rubuta. Aka jona tiyo, mota ta yi ta gurnani. Ana cikin haka aka kira ni risafshan, wani baƙo yana faɗa esin ɗakinsa na zubar da ruwa. Da na dawo an gama, ya sake zura sanda a gabana, ya haska da fitilar waya. Ƙarin lita 5,000 daidai. Na tafi gida da sanyin zuciya.

Da safe sabon makanikin ya kawo mini littafi. A daren da injin ya yi awa bakwai kacal, tanki ya nuna an sha kusan lita 850. Yaron da na kora yana can Kurna a ɗakinsa.

Sai a lokacin na jawo tsohon littafin na bi shi layi-layi, abin da aka roƙe ni in yi tun mako biyu da suka wuce. Kwana goma sha ɗaya lissafi yakan tafi daidai, har yaron yana rubuta 'yan lita biyun da yake ɗiba. Giɓin ba ya bayyana sai a safiyar da ta biyo bayan zuwan mota, kuma kusan adadi ɗaya ne kullum, wajen lita 600. A gefen irin waɗannan ranakun ya riƙa sa 'yar alamar tambaya da jan biro. Guda bakwai na ƙirga.

A daren ban koma gida ba. Wajen ƙarfe huɗu, kicin na haɗa wa 'yan baƙin da suka rage sahur, na fito tsakar gida na rasa abin da ke mini daɗi. Baba maigadi yana zaune a bencinsa da butar shayi. Dattijo ne, tun ana gina otal ɗin yake wurin, kuma a iya sanina ba ya shiga abin da ba ruwansa. Ya miƙo mini kofi ya ce, "Zauna, ɗana. Tun jiya kake zagaya tankin nan kamar mai ɗawafi."

Na zauna. Muka sha shayi ba mai cewa komai. Can ya ce, "Ni dai ban ga kowa ya saci komai ba, kada gobe ka ce Baba ya ce. Amma na ga abu ɗaya. Ranar da mota ta zo, sandar da ake fara awo da ita ba ita ake gamawa da ita ba."

Ya tashi da tocilansa na bi shi. A bayan ɗakin injin, saman katangar da ke ƙarƙashin kwano, ya miƙa hannu ya zaro wata sanda. Na ɗauko wadda ke rataye a ƙusa, muka jera su a ƙasa. Katako iri ɗaya, zane iri ɗaya, lambobi iri ɗaya, duk sun yi baƙi da mai. Alamar farko a jikinsu ta lita 1,000 ce, daga nan zuwa ƙasa fili ne babu rubutu. A wannan filin aka yanke ƙasan ta biyun, kamar santimita 12, aka goge bakin aka shafa masa baƙin mai har ba ka gane sabon yanka ne. In ka zura guntuwar, sai ta nutse fiye da 'yar uwarta, mai ya jiƙa ta har sama da inda ya kamata. Da doguwar ake awon farko, da guntuwar ake na biyu, direba ya juya da ragowar man a cikin motarsa, su raba a waje. Da safe yaron injin ya zo da doguwar sandar ya rubuta gaskiya, gaskiyar nan kuma ta zama shaida a kansa.

Na ce, "Baba, tun yaushe ka sani?"

Ya ce, "Tun kafin zuwanka wannan kujera. Wanda ka gada ma ya sani. Kana tsammani Abuja ce ta kira shi?"

Aka kira sallah. Ban san abin da liman ya karanta ba.

Da rana na faɗa wa maiɗakina komai. Ta saurara har na gama, ba ta ce uffan a kan Alhaji ko ɗan ƙanwarsa ba. Abin da ta tambaya kawai shi ne, "To, ka je Kurna?" Na ce sai na ga Alhaji tukuna. Ta ce, "Shi Alhaji ya yi buɗa-baki da kaza jiya. Wancan fa?" Na ɗauki hulata na fita.

Na yi ta juya abin a raina har magariba. Ina da 'ya'ya uku a makarantar kuɗi, ga hayar gida a watan Yuni. Na san yadda Alhaji ke ji da ƙanwar nan tasa, su biyu suka rage a ɗakinsu. Na kuma san cewa a irin waɗannan wuraren aiki, in bare ya kai ƙarar ɗan gida, ko an yarda da shi ba a cika yafe masa ba. Duk da haka bayan tarawihi na naɗe sandunan biyu a tsohon labule, na sa a but, na ɗora littafin mai jan biro a kujerar gaba, na nufi gidan Alhaji.

Na yi hon sau biyu. Maigadin gidan ya tafi masallaci, sai wani ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, sannan ya zo ya buɗe mini get da kansa, yana murmushi. Mai sito ne, da jallabiya fara da carbi a hannu. Ya sunkuyo ta tagar mota ya ce, "A'a, Manaja ne da daren nan? Shigo mana. Kawu yana falo, ga Hajiyata ma ta zo, yanzu ake maganarka."

Mu haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.