Asabar a Ƙarƙashin Land Rover ɗin Alhaji

Tun makon jiya Alhaji ke aiko saƙo a duba masa motarsa kafin yankan shinkafa ya kankama, don da zarar an fara ɗauko buhuna daga fadamar Auyo ba wanda zai yarda a kwantar masa da mota ko na wuni ɗaya. Yau Allah Ya nufa. Bayan na karya kumallo na hau mashin zuwa gindin tsamiyar da muke taruwa a bayan gari, na tarar Baba ya riga kowa zuwa, har ya shimfiɗa tsofaffin buhunan taki ya jera sifanu a kai. Mu dai ba ƙungiya ba ce mai kati da shugaba. Son tsofaffin motocin daji ne ya haɗa mu: malamin makaranta, mai walda, direbobi biyu, ni, sai Baba, wanda shi kaɗai ne bakanike na ainihi a cikinmu. Sauranmu 'yan miƙo sifana ne da yawan surutu.

Motar Series III ce, doguwar, mai inci 109 tsakanin tayar gaba da ta baya, buɗaɗɗiyar baya irin a-kori-kura. Daga 1971 zuwa 1985 aka yi ta ƙera irinta, kuma Alhaji ya ce a gwanjon gwamnati ya same ta tun Haɗeja tana cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. In ka gan ta daga nesa sai ka rantse lafiyarta lau, domin bodin na alminiyam ne, ba ya tsatsa. Tun 1948 da aka fara yin Land Rover a Ingila ake haka, saboda ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu. To amma shasin da bodin ke zaune a kai ƙarfe ne zalla, kuma shi ne lakar fadama ke maƙalewa a ciki ta riƙe danshi har rani. Shi ya sa Baba ko kallon fenti bai yi ba. Ya ɗauki ƙaramar guduma ya kwanta a ƙasa, yana bi yana ƙwanƙwasawa daga gaba zuwa baya, yana sauraro. Da ya zo ƙarfen ƙarshe da ya gitta ta baya, inda ake ɗaura igiyar ja, sai sautin ya mutu. Ya zana da alli, ya dubi mai walda ya ce, "Wannan rabonka ne, amma ba yau ba."

Sai aka kira direban Alhaji ya faɗi abin da ke damun motar. Ya ce gaba na kuka, birki sai an taka sau biyu, kuma ogzilari, wato giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja, in ya shiga ba ya son fita.

"Yaro, ka shiga ruwa da ita a daminar nan?"

"Baba, ai kullum ne. Ba wata hanya."

"Da ka fito, ka duba man aksul?"

Yaro ya sunkuyar da kai. Baba bai ƙara cewa komai ba, ya sa aka tura tasa ƙarƙashin aksul na gaba, wato ƙarfen nan da ya haɗa tayoyin biyu, ya kwance noti. Abin da ya zubo fari-fari ne mai kauri kamar kunun gyaɗa. Duk muka yi salati, Alhaji ya kama haɓa.

Na daɗe ina ganin wannan a motocin yankinmu, kuma mutane da yawa suna zaton sai aksul ya fashe ruwa ke shiga. Ba haka ba ne. Aksul yana yin zafi in ana tafiya. Ka tsunduma shi cikin ruwan sanyi, iskar da ke ciki ta tsuke, dole ya zuƙo wani abu daga waje. Akwai ɗan bututun numfashi a samansa da aka yi don haka. In laka ta toshe shi, ko ruwa ya haura shi, to ruwan zai ja, ko ta bututun ko ta bakin oyil sil. Na Alhaji a toshe yake da busasshen taɓo, sai da aka jiƙa shi cikin fetur aka zurara masa waya. Ɗan ƙarfen da bai kai yatsa ba, amma shi ya jawo boris guda, wato zoben ƙarfen da ke sauƙaƙa juyawa, ya tashi aiki. Allah Ya taimaka haƙoran difarenshal ɗin, wato giyar da ke cikin aksul, ba su ci ba tukuna.

Aikin da ya cinye mana hantsi shi ne ƙwallayen nan biyu masu ƙyalli da ke bayan tayoyin gaba, waɗanda taya ke juyawa a kansu in an murza sitiyari. A cikinsu ake zuba man giya mai lamba 90, irin wanda ake zuba wa giya da aksul. Na hagu ya yi ƙananan ramuka na tsatsa, kuma duk sil ɗin da ka sa a kan ramukan nan kwana kaɗan zai yi ya yage. Sabo sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, in ba a dace ba har Ladipo a Legas, ga tsada, ga jabu. Baba ya wanke shi tas da fetur, ya goge da samfefa mai laushi, ya cike ramukan da gam mai haɗi biyu, aka ajiye a rana. Da ya bushe ya sake gogewa har sai da ya rufe ido ya shafa bai ji tudu ba. Na tambaye shi ko zai yi ƙarko. Ya ce in ba a bar shi ba mai ba, zai kai wata daminar. A wurin kwance notunan kuma sai da ya ƙwace sifana daga hannun ƙanena, don motar da sifanar inci aka ɗaure ta, wasu notunan giya da aksul ma na tsohon awon Ingila ne. Sifanar milimita tana shiga, amma zamewa za ta yi ta cinye kan noti, a wayi gari sai da kurfi da guduma.

Maganar ogzilari kuwa ba laifin motar ba ne. Ga wanda bai taɓa tuƙa irinta ba: ban da sandar giya, akwai sanda mai jan kai da wata mai rawayan kai. Ka danna rawayar ƙasa, ƙafa huɗu sun kama. In kana son sakinta sai ka tsaya, ka ja jar baya zuwa ƙaramar giya, ka mayar da ita gaba, rawayar ta taso da kanta. Motar ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin aksul na gaba da na baya, don haka a kan yashi ko laka kaɗai ake sa ta, inda taya ke iya ɗan zamewa. Yaron nan kuwa da ogzilari a ciki yake hawa kwalta har Haɗeja. Ƙarafan suna murɗe juna, sai su cije. Da muka ɗaga tayar gaba guda da jak, sai ta yi wani juyi da kanta, aka ja jar sanda, rawayar ta yi tsalle. Alhaji ya buɗe baki zai yi faɗa, Baba ya ce, "Alhaji, a yi masa haƙuri. Wa ya koya masa?"

Bayan Azahar aka kawo dambu da zogale daga gidan Alhaji, nan fa gardama ta tashi. Alhaji ya ce shi fa ya gaji da shan man motar nan. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowace fita fadama sai ya ji a jikinsa. Wani a Kano ya ba shi shawara a cire injin, a dasa na Toyota mai shan gas, wato dizal. Direbanmu mai Land Cruiser ya goya masa baya nan take, da ma shi kullum cikin tsokanarmu yake. Tasa mai injin 1HZ ce, silinda shida, lita 4.2, wanda Toyota ta fara yi a 1990, kuma gaskiya ba ni da abin da zan kushe a injin nan. Ya ce Land Rover in ba ta ɗigar da mai ba, to man ne ya ƙare. Aka yi dariya, har da Baba.

Ni ban goyi bayan dashen ba, na kuma faɗa a gaban Alhaji. Injin da ke ciki lita biyu da kwata ne, silinda huɗu, ƙarfinsa wajen doki 70, kuma giyar da shaf-shaf ɗin cikin aksul daidai wannan ƙarfin aka auna su. Ka ɗora musu injin da ya fi ƙarfinsu, ka loda buhun shinkafa, taya ta kafe a taɓo direba ya taka totur, wani abu zai karye, kuma ba injin ba ne zai karye. Ga yankan shasi don a sami wurin zama, ga lagireto da ba zai wadatar ba, ga birkin da da ma da ƙyar yake tsayar da ita. Sannan shi kansa gas ɗin ba araha yake ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan injin ba abin da ke cikinsa da ba za a gyara a gindin tsamiya ba: kafireta, kwantak mai ba da wuta, fulogi huɗu, shi ke nan. Malamin makaranta ya ce son zuciya ne kawai ke sa ni magana. Wataƙila da kaɗan. Baba ya bar mu muka gaji, sannan ya ce a bari ya wanke kafireta ya saita wuta, Alhaji ya auna man da za ta sha a kakar nan, in bai ga sauƙi ba a sake zama. Da aka buɗe kuwa, tazarar kwantak ta kusa rufewa, matatar iska mai wankan mai ta zama taɓo zalla. Mota ba ta numfashi, ina za ta ƙi shan mai?

Birki bai ba mu labari mai daɗi ba. Gangunan huɗu duk cike da laka, aka wanke aka saita. Fitar da iska daga na gaba ne ya wahalar, don doguwar Land Rover silinda biyu-biyu gare ta a kowace tayar gaba, iska na samun wurin ɓuya. Ni aka sa a kujera, "taka, riƙe, saki," har cinyata ta yi tsami. Kafin a sauke ta Baba ya kira direban ƙarƙashi ya nuna masa ƙaramar ƙofa a gindin gidan kuloci. Ya ce in zai shiga ruwa ya toshe ta da notinta, in ya fito ya cire, don man da ke ɗiga daga bayan inji ya sami hanyar fita kada ya jiƙa kuloci. Yaron ya ce shi bai taɓa sanin da ita ba. Notin ma ya ɓata, sai cikin gwangwanin Baba aka samo wani.

Bayan La'asar muka fita gwaji, mu shida a baya. Muka bi hanyar da ke gangarawa fadama, inda kacalla ta cinye bakin magudanar ruwa har ba ka ganin ruwan sai ka ji ƙarar kwaɗi. Tun ambaliyar 2022 wani yanki na hanyar ya zaizaye, masu mashin ma sauka suke su tura. Baba da kansa ya karɓi tuƙi, ya ja jar sanda, ya sa giya ta biyu, ya bar ta tana tafiya a hankali ba tare da ya taɓa kuloci ba. Ta ratsa taɓon tana gurnani, ta haura. A dawowa muka bi ta tudu inda yashi yake da zurfi, ya sa aka rage iskar tayoyin, ta wuce ba ko tangarɗa. Mai Land Cruiser ya ce sa'a ce. Kukan gaba ya ragu sosai amma bai ɗauke duka ba, Baba ya ce boris ɗin ɗaya gefen ma ya kusa.

Mun tashi ana kiran Magariba. Alhaji zai ba ɗansa kuɗi ya sayo boris da sil biyu a Ƙofar Ruwa ranar Litinin, an ce ya tafi da tsofaffin a hannu don a gwada, kada a ba shi na wata motar. Man aksul za a sake zubarwa bayan mako guda, don ragowar ruwan ya fita. Walda sai an gama kwasar shinkafa. Asabar mai zuwa kuma Hilux ɗin malamin makaranta ce a layi, wadda ya ce sifirin ɗinta na baya ganye biyu sun karye.