Ashe ba taurin kai ba ne

Wata uku ke nan ina taimakawa a wani ajin share fagen firamare a Alis Sifirins, tsakiyar Ostireliya. Yawancin yaran 'ya'yan Aborijin ne, wato 'yan asalin ƙasar. Akwai wani ɗan shekara 4, in na kira shi ko waigowa ba ya yi, har na fara ƙosawa da shi. Ashe ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa, ciwon da ya addabi yaransu sosai. Wallahi kunya ta kama ni.

Yanzu sai na durƙusa gabansa ya ga bakina, sannan in yi magana. Ran da kakarsa ta zo ta yi musu waƙa da harshen Arrernte, yaren Aborijin na yankin, shi ya fi kowa ɗaga murya. Ni kuwa na gwada bin su, suka yi ta ƙyalƙyala mini dariya.