Godiya Bayan Jinyar Mahaifinmu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi. Yau kwana goma ke nan da aka sallamo Baba daga asibiti a Birnin Kebbi, ya dawo gida Argungu da ƙafarsa bayan kwana 24 a kwance. A madadin Inna da yayyena da ƙannena nake wannan rubutu, domin mutanen da suka tsaya mana sun fi ƙarfin mu bi su gida-gida. Wasunsu ma ko mun so zuwa ba za mu same su ba.

Da yawa sun kira suna tambaya, wai me ya same shi ne? Wani ya ji an ce tarin fuka, wani ya ji shawara, har da masu cewa sammu ne. Bari in faɗi yadda abin yake, don godiyar ta sauka inda ya dace.

Tari ne ya fara kama shi, ya ƙi jin magani, ga rama, ga gumin dare. Aka gwada majinarsa aka ce tarin tibi ne, aka ɗora shi a kan maganin wata shida, kyauta kamar yadda ake bayarwa. A wata biyun farko magani huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol. Maganin ya yi aiki. Cikin mako uku tarin ya lafa, Baba ya fara maganar komawa fadama. Ranar da aka ba mu maganin an gaya mana abu biyu: fitsari zai yi ja kamar an zuba manja, kada mu tsorata, aikin rifamfisin ne, amma in ya fara amai ko idonsa ya sauya, mu dawo da gaggawa. Maganar farko muka riƙe, ta biyun ta sulale mana. Saboda haka a mako na shida, da fitsarin ya tashi daga ja ya koma kamar baƙin shayi, sai muka ce ai an faɗa. Ya daina cin tuwo, ko ƙanshin miya ya ji sai zuciyarsa ta tashi, muka ce gajiya ce. Ya ce jikinsa na ciwo, na je kemis na sayo farasitamol, na haɗo da wani maganin ciwon jiki, ban san shi ma akwai farasitamol a cikinsa ba. Da hannuna na riƙa ba shi, safe da rana da dare. Wannan abu har yanzu yana tsaya mini a rai.

Godiyarmu ta farko ga wanzamin Baba ce, wanda ya fi shekara talatin yana yi masa aski duk safiyar Juma'a. Ranar ya tallafo haɓarsa zai gyara gemu, sai ya dakata, ya ajiye aska, ya juyo da fuskar Baba wajen hasken ƙofar zaure, ya ja fatar idon ƙasa da babban yatsa. Ya ce, "Alhaji, idon ga naka ya yi ɗorawa." Ya dube ni ya ce, "Malam, wanga ba na zama gida ba ne." Mu da muke kwana muna tashi da shi ba mu gani ba, saboda kullum a duhun ɗaki muke ganinsa. Duk da haka sai da muka ƙara kwana biyu, don wata 'yar'uwa ta kawo jiƙon shawara a gora, da kyakkyawar niyya, aka ce a gwada tukuna. Daren Lahadi Baba ya fara maganar da ba ta haɗuwa, yana kiran ƙanena da sunan wansa da ya daɗe da rasuwa. Maƙwabcinmu ya fito da motarsa tun kafin kiran assalatu, ya kai mu Birnin Kebbi, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Allah ya saka masa da alheri.

Likitar da ta karɓe mu ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma nemi mai laifi ba. Cewa ta yi, "Malam, duk abin da ya shiga bakin Baba da sunan magani cikin wata biyun nan, a kawo mini shi, har da na gargajiya, har da fankon kwali." Na kira ƙanena ya tattara a leda ya ba direba a tasha. Da ledar ta iso ta zazzage ta a kan tebur, ta jera su, ta ɗauki biro tana tambayar ranar da aka fara kowanne da ranar da ya daina cin abinci. Aka ɗibi jini. Akwai awon da ake kira ALT, wanda ke nuna ko hanta na jin jiki. Na mai lafiya ba ya cika wuce 40, na Baba ya haura 700. Aka duba ciwon hanta nau'in B da na C, babu. Aka yi hoton ciki don a ga ko hanyar maɗaciya ce ta toshe, ita ma lafiya lau. Sai ta ce saura magani. Uku daga cikin huɗun nan na tibi suna iya taɓa hanta, musamman ga mai shekaru, kuma yawanci a watannin farko. Mu kuma muka ɗora farasitamol ninki biyu, muka ɗora jiƙon da ba wanda ya san ƙarfinsa. Kaya uku a bayan jaki ɗaya.

Abin da ya fi yi wa Inna wuyar karɓa shi ne maganin da aka rubuta: a tsayar da komai. Ta ce, "Likita, ba wata allura ta hanta? Barin magani shi ne magani?" Likitar ta zauna a gefen gado ta ce, "Inna, hanta tana gyara kanta in aka sauke mata nauyi. Aikinmu mu sauke, mu sa ido, mu kare shi kafin ta farfaɗo." Ƙarin ruwa aka yi ta yi masa, ana duba sukarin jininsa, ana auna ko jinin yana daskarewa yadda ya kamata, domin hanta ce ke ƙera abin da ke tsayar da jini.

Malaman jinya na ɗakin maza, ba mu da bakin gode muku. Kullum da safe ɗaya daga cikinsu zai zo ya ce, "Baba, yau wace rana? Miƙo hannuwanka kamar za ka tsayar da mota." A kwanakin farko tafukan nan suna faɗuwa suna tashi kamar fiffiken tsuntsu, alamar dattin da hanta ta kasa tacewa ya kai ga ƙwaƙwalwa. Ranar ta shida hannuwan suka tsaya cak, ya kuma ce, "Yau Asabar, kuma yunwa nake ji." Inna ta fita baranda ta yi kuka. A kwana na 15, da awon ya sauko ƙasa da 80, aka fara dawo da maganin tibi ɗaya bayan ɗaya: rifamfisin da etambutol tukuna, aka jira kwanaki aka sake awo, sannan isoniyazid. Firazinamid an cire shi gaba ɗaya, shi ya sa maganin nasa zai kai wata tara maimakon shida. Tarin ba a bar shi ba, domin yanke maganin tibi da ka, ba tare da likita ba, shi ke haifar da wanda ba ya jin magani.

Akwai kuma waɗanda nake son gode wa da ba su taɓa ganin Baba ba. Wani dare na tambayi likitar yadda aka yi ta san abin yi ba tare da lalube ba. Ta ce ba daga kanta ta fitar ba, wasu ne suka ƙarar da rayuwarsu a kan wannan fanni suka rubuta. Ta ambaci Hyman Zimmerman, likita a Amurka, wanda ya fitar da babban littafi a kan illar magunguna ga hanta a 1978, ya rasu a 1999. Shi ya lura cewa idan magani ya lalata ƙwayoyin hanta har ido ya yi ɗorawa, aƙalla mutum 1 cikin 10 na iya rasa ransa, shi ya sa ba a wasa da wannan alama. Jera ranakun da ta yi a takarda kuwa yana bin wani ma'auni na gano ko magani ne ya taɓa hanta, wanda masu bincike biyu, Danan da Benichou, suka wallafa daga Faransa a 1993. Ta ce ko makarin gubar farasitamol, wanda ke aiki sosai in an ba da shi cikin awa 8 na farko, Laurie Prescott da abokan aikinsa ne suka tabbatar da shi a birnin Edinbara na Birtaniya a shekarun 1970. Ni malamin makaranta ne, na sha jin ana cewa rubuce-rubucen bincike tara takarda ne kawai don ƙarin girma. Na ga takardar nan ta zama hannun da ya riƙe mahaifina. Likitocinmu da ke irin wannan aiki a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya da Kano, don Allah kada ku gaji, ku rubuta har da jiƙe-jiƙen da mutanenmu ke sha, don a san wanne ke cuta.

Abokan noman Baba a fadama, mun ji labarin yadda kuka raba kwanaki a tsakaninku kuna tayar da inji kuna ba shinkafarsa ruwa, ba wanda ya roƙe ku. Malaman makarantarmu da suka riƙe mini azuzuwa, 'yan majalisarmu da suka haɗa kuɗin gwaje-gwaje, matan unguwa da suka kula da yara, da limamin masallacinmu da jama'arsa da ba su fasa addu'a ba, Allah ya biya ku, ya bar zumunci, ya sa ku gama da iyayenku lafiya.

Baba yana samun sauƙi. Idon bai gama washewa ba, amma yana cin tuwon shinkafa, yana fitowa zaure. Ranar Litinin za mu koma awon jini. Masu son zuwa dubiya, bayan La'asar ya fi, kuma muna roƙon alfarma kada a zo masa da magani kowane iri, na kanti ko na gida, ko da an gwada an ga amfaninsa. Addu'arku ta wadatar. Wanzaminsa ya zo jiya, ya sake duba idon kafin ya ɗauki aska.

Wassalam.