Rigar Alhaji da rabin albashina

Jiya na miƙa makullin shago bayan shekara huɗu ina wanki da guga a Kano. Yaran da na bari sun ce in rubuta musu abin da na sani kan kayan fata, tunda duk rigar fatar da ta shigo ni ake kira. To, da kuɗina na sayi wannan ilimin.

A hunturun shekarata ta biyu wani Alhaji ya kawo baƙar rigar sanyi ta fata da ya sayo a Turkiyya, wuyanta ya yi maiƙo. Na tambayi maigida yadda za a yi da ita. Ko ɗago kai daga waya bai yi ba, ya ce: “Jiƙa ta da omo ka shanya, gobe za a karɓa.” Na jiƙa, na cuɗa, na baza a rana. Kafin la’asar ta ƙandare kamar ganda, hannuwan sun tsuke. Nan kuma na tafka tawa ɓarnar, wadda ba wanda ya sa ni. Tsoro ya kama ni, na ɗora mata dutsen guga ko za ta miƙe. Kafaɗar ta ƙanƙance, ta yi wani irin ƙyalli, ƙauri ya cika shagon.

Da Alhaji ya zo, a gabana maigida ya dafa ƙirji ya ce: “Wallahi Alhaji, yaron nan bai shawarce ni ba.” Na yi shiru, don ina da ƙanne a makaranta. Wata uku ana yanke mini rabin albashi. Alhaji kuwa ya bar rigar a kan kantar shago ya fice.

Haushi ne ya kai ni Ƙofar Wambai da ita, wurin wani tsohon baduku. Ya murza ta, ya sunsuna, ya ce: “Ɗana, wa ya dafa wannan?” Na ce: “Ni ne, Baba.” Ya matsa mini a tabarma. Ashe laushin fata daga man da ake shigar mata bayan an jeme ta yake. Omo kuwa aikinsa cire maiƙo, bai san na wuyan Alhaji da na majemi ba, duk ya kwashe. Rana da iskar hunturu suka ƙarasa aikin. Mai ana iya mayarwa a hankali, amma inda guga ta taɓa ya dahu, ba ya komawa. Ya kuma hana ni wani gangancin da na zo da shi a zuciya: man gyaɗa. Fatarsu ta gargajiya da aka jeme da bagaruwa tana shan sa, amma irin wannan ta kamfani, kamar wadda ake yi a masana’antun Challawa da Sharada da ke Kano, da sinadarin kurom ake jeme ta, sannan a rufe samanta da fenti. Man zai zauna a kai ne kawai, ya kwashi ƙura, ya yi wari. Sai dai kirim ɗin fata, kaɗan-kaɗan da tsumma mai laushi.

Sauran duk ƙanana ne. A ɗiga ruwa a ɓoyayyen wuri, in ya shige ya yi duhu kada a jiƙa ta. In ruwan sama ya dake ta, a rataye a inuwa. Kada a ɗaure ta cikin leda da damina, fumfuna za ta cinye ta. Ta roba da ake tsinta a gwanjo kuma, in ta fara saɓulewa ba ta da magani, a gaya wa mai ita tun kafin a karɓa. Kuma in maigida ya ba da umarni a kan kaya mai tsada, a sa ya maimaita a gaban mutum biyu.

Yanzu a allon shagon an rubuta “ƙwararru a gyaran kayan fata”. Rigar tana ɗakina, ta yi laushi ban da kafaɗar hagu. Ita nake sawa in zan hau babur da asuba.